Kwalba Biyu a Ƙofar Ummulkhairi

Asabar, 14 ga Yuni, bayan Asuba

Likita ta ce in riƙa rubuta abin da ɗiyata Ummulkhairi ta ci da tsawon barcinta. Ban sami littafi a gidan nan ba sai nata na aiki, mai baƙin bango, wanda take rubuta awon ruwa a ciki. Na juya shi na fara daga baya.

Jiya koko rabin kofi. Tuwo ya dawo yadda na kai shi. Yau kwana tara da ƙanena Lawwali ya ɗauko ta daga Tsafe inda 'yan bindiga suka sako ta, ba ta ce wa kowa uffan ba, ba ta taka tsakar gida ba sai in za ta kewaya.

Ni Tambaya, 'ya'ya shida na raina, huɗu daga ciki bayan rasuwar ubansu, babu wanda ya gagare ni. Wannan ma za ta ci. Za ta fito kuma.

Litinin, 16 ga Yuni, da hantsi

An yi ruwa da sassafe. Na leƙa ƙofar gida na tarar ramin Ummu ya toshe da leda da gashin ragunan layya. Mutanen Tudun Wada sun iya cewa tsafta cikon addini, amma a baki.

Bari in rubuta yadda ramin yake, don in na ɓata wani abu a san daga ina. Kwatar layinmu tana gangarawa ne cikin kududdufin bayan gidaje. Duk damina sai kududdufin ya yi kore shar da gansakuka, ya yi wari, kifi ya taso ciki sama. Ummu ta ce wani sinadari ne, fosforas, da ruwan sama ke kwasowa daga kumfar wanki da toka da kashin awaki, shi ne abincin gansakuka. Aikin digirinta na biyu ke nan a Zariya. Da rani ta nemi izinin mai unguwa ta sa aka haƙa rami a bakin kwatar, taku takwas a tsaye, uku a kwance. Tsakuwa a ƙasa da bututu mai huji, sai yashi gauraye da dakakkiyar marmara, sai ta dasa ciyawar jema a sama. Ruwa ya shiga, ya tsaya, ya tsiyaye a hankali. Ƙarfen da ke cikin jar marmarar shi ke riƙe sinadarin, saiwar jema kuma ta hana ƙasar toshewa. Abin da ya fita ta bututu shi ke zuwa kududdufi.

Na kwashe ledojin da hannuna. Ladidi maƙwabciyata mai waina ta tsaya tana kallo.

"Hajiya Tambaya, yau ke ce injiniya?"

Na ce, "Ni ce, tun da ke ce mai zubo da aikin."

Ummu ba ta fito ba.

Laraba, 18 ga Yuni, bayan Azahar

Na karanta gaban littafin nan daga farko. Turancin sakandarena bai mutu ba. Bayan kowane ruwa ana ɗiban kwalba biyu, ɗaya a mashiga, ɗaya a bakin bututu. A zuba wa kowace ƙunshin farin gari daga akwatinta, a girgiza, a jira minti goma. Ruwan zai yi shuɗi. Yawan shuɗin, yawan sinadarin. Akwai kati mai launuka daga ɗaya zuwa takwas da ake karawa a jiki a ga lamba.

Shafin ƙarshe da ta rubuta ranar Talatar da aka tare su a hanya ce. Ta ɗebi kwalabe shida za ta kai ɗakin gwaji a Zariya. Ban san inda kwalaben suke ba yanzu. Ba na so in sani.

Malaminta ya bugo wayata. Ya ce in ba a sami awon wannan damina ba sai ta sake shekara. Na ce masa za a samu. Ban gaya masa cewa ba shekarar ce ke damuna ba.

Alhamis, 19 ga Yuni, da La'asar

Ruwa ya sauka. Na ɗiba. Kwalbar shiga huɗu, ta fita ɗaya. Ashe yarinyar nan ta san abin da take yi.

Na ajiye kwalaben biyu a ƙofar ɗakinta kusa da kwanon abinci. Na ce, "Ummu, ga sakamakonki." Da na dawo ɗaukar kwano na ga an matsar da su gefen da haske ke faɗawa. Ba iska ce ta matsar da su ba.

Asabar, 21 ga Yuni, da safe

Shinkafa cokali huɗu. Wani ɗan kabu-kabu ya wuce da gudu, na ji ta faɗa bayan gado. Ba ta fito ba.

Lahadi, 22 ga Yuni, bayan Magariba

Mata sun zo jaje. Jaje suka ce. Kowace ta zauna tana leƙen labule, tana so ta ga abin da kwana goma sha shida a daji ke yi wa fuskar mutum. Ɗaya har da cewa, "To Hajiya, ba dai su… " Na miƙe na ce mata shayinta ya huce, hanya kuma ba ta huce ba. Ta fita tana ƙunƙuni. Ta je ta faɗa. Wanda bai iya riƙe bakinsa a gidan wani ba, tarbiyyarsa ce ya zo nunawa.

Abin da ke ba ni haushi, a da ni ce ke ce wa Ummu ta fito ta gaida baƙi ko tana zazzaɓi. Ban yarda da son jiki ba. Ban yarda da "gobe" ba. Haka na raine su.

Ban yi kuka ba.

Talata, 24 ga Yuni, da hantsi

Jemar ta fara yin rawaya daga baki. Ban ji daɗin ganinta ba. Ladidi ta ce, "Ai shukar da ba ta ci ba ta tashi, ko a garinku." Maganar ta zauna mini. A Karakkai na tashi, gonar mahaifina na sani tun ban kai tsawon fartanya ba. Ban taɓa ganin abin da aka dasa cikin yashi tsura ya yi albarka ba.

A shafi na uku Ummu ta rubuta da jan biro, ta ja layi biyu: kada a sa taki, kada a sa toka. Na gani. Yara na boko suna da iliminsu, amma abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Ba ta fito ba.

Juma'a, 27 ga Yuni, bayan La'asar

Malam Tukur makiyayi ya yi sallama yau. Shekara goma sha biyu shanunsa na sha a kududdufin nan, matarsa Hassana na kawo mana nono. Tun da abin ya faru ba su ƙara bi ta layinmu ba, ko da yake ba abin da ya haɗa su da shi sai irin sandar da suke riƙewa. Na ji yaran unguwa sun jefi shanunsa da dutse. Na kama biyu na ja musu kunne a gaban iyayensu. Laifin wani ba ya hawa kan wani, wannan a Littafi yake.

Ya tsaya nesa da ƙofa da jakinsa, buhu biyu a kai. Bai ɗaga ido ba.

"Inna, ina gajiya. Yaya mai jiki?"

"Da sauƙi, Malam Tukur. Ina Hassana? Ko mun yi faɗa ne ban sani ba?"

"Kunya ce, Inna. Ba mu san da wane baki za mu zo ba." Ya nuna buhunan. "Na ga ciyawar ɗiyarki ta yi rawaya. Bara na rasa maraƙi biyu ga ruwan koren nan. Ita kaɗai ta taɓa tambayata mi ya kashe su. Wanga taki ne, busasshe, daga garkena. Ba ni da wani abin kawowa."

To in ce masa me? In ce ba na so? Da ya koma gida ya gaya wa Hassana cewa gidan Tambaya ma sun sa su cikin waɗancan. Na karɓa da hannu biyu, na yi godiya, na ce gobe ina jiran nono. Ya tsaya ya taya ni muka barbaɗa shi duka a gindin jemar, muka tona ya shiga ƙasa sosai. Na ƙara da tokar murhu kwano biyu, saboda tururuwa.

Zan faɗi gaskiya a nan tun da ba mai ji: ba don kunyarsa kaɗai na zuba ba. Ina ganin na fi ta sani.

Litinin, 30 ga Yuni, da safe

Jema ta yi kore, ta miƙe har gwiwa. Ladidi ma ta yaba. Hassana ta kawo nono, Ummu ta sha ludayi uku. Alhamdulillahi. Ba ta fito ba.

Laraba, 2 ga Yuli, bayan Azahar

Ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na ɗiba. Ta shiga huɗu. Ta fita bakwai.

Na ce ko na juya kwalaben ne. Na zubar, na wanke, na koma cikin yayyafi na sake ɗiba. Huɗu. Bakwai. Ta bututun ta yi shuɗi kamar an jiƙa baban rini.

Na zauna a kan turmi da su a hannu. Zuciya ta ce in musanya su, wa zai sani? Shekara talatin ina dukan yara a kan ƙarya. Na kai su ƙofarta yadda suke, ta shiga a dama, ta fita a hagu, kamar kullum.

Laraba dai, bayan La'asar

Ina tankaɗe na ji muryar da ban ji ba kwana arba'in da uku.

"Inna."

Rariya ta faɗi daga hannuna. Tana tsaye a bakin ƙofarta, hannu ɗaya a kan labule, ɗaya riƙe da kwalbar. Ta rame har zanen ya zagaye ta sau biyu.

"Mi kika zuba?"

Na ce, "Ke da uwarki kike wa wannan tambaya, ba ko gaisuwa?"

"Ina wuni. Mi kika zuba a ramina?"

"Taki ne kaɗan. Ciyawar na mutuwa."

"Ba mutuwa take ba! Haka take in ta kama ƙasa. Kaɗan nawa?"

"Buhu biyu. Da toka."

Ta dube ni. Ban taɓa barin ɗa ya dube ni haka ba.

"Inna, abin da na haƙa ramin don in cire, shi kika ɗebo buhu biyu kika zuba. Yanzu ramin ne ke ciyar da kududdufin. Na rubuta. Da jan biro na rubuta."

"Na gani."

"Kin gani." Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Kullum kina gani. Kullum kin fi kowa sani."

Ta saki labule.

Da wani ne cikin yayyenta da ya sha mari. Na tsaya da garin tuwo a ƙafafuna ina ta cewa Alhamdulillahi, Alhamdulillahi, kamar wadda aka yi wa bushara.

Alhamis, 3 ga Yuli, bayan Asuba

Ban yi barcin kirki ba. "Kullum kin fi kowa sani." Ba taki take nufi ba, ni da ita mun sani.

Zan rubuta sau ɗaya.

Ranar Talatar nan ta ce mini, "Inna, gabana na faɗuwa, an ce hanyar Tsafe ba kyau tun jiya. Bari in bari sai Alhamis in bi Kawu Lawwali." Na ce mata ragwanci ne. Na ce wanda ya saba da ɗaga aiki ba ya gama komai a duniya. Na ce abin da Allah ya rubuta ko a gado sai ya same ka. Ni na ɗaura mata kwalaben a jaka. Ni na raka ta ta hau kabu-kabu zuwa tasha.

Shi ke nan. Na rubuta.

Alhamis, da La'asar

Kududdufi ya fara kore daga gefenmu. Na aika wa Malam Tukur ya kai shanunsa rijiyar bayan makaranta na kwana biyu. Ban gaya masa dalili ba. Kyautarsa ba ta da laifi, hannun da ya karɓa ne ya san an hana.

Na tsaya a bayan labule na ce, "Ummu, na yi kuskure. Gaya mini yadda ake gyarawa."

Tun da na haife ta ban taɓa faɗa mata kalmar farkon nan ba. Daga ciki ta ce:

"A kwashe saman duka, zurfin taƙi ɗaya na hannu. A tumɓuke jemar a wanke saiwar. A kawo sabon yashi da marmara, ja sosai, ba mai fari ba. Kashi ɗaya marmara, uku yashi."

"To."

"Kuma kada ki ƙara komai naki."

"To," na ce. Ni Tambaya.

Asabar, 5 ga Yuli, bayan Azahar

Lawwali ya kawo marmara daga Bungudu a bayan akori-kurarsa, daga tudun da ke bayan gonar mahaifinmu a Karakkai. Yana saukewa yana tsokanata.

"Yaya, an ce kin yi wa matatar ruwa taki. Saura ki yi wa rariya faci."

"Sauke ka rufe mini baki, tun ban tuna maka wanda ya wanke ka ba."

Ni da shi muka kwashe saman. Bayana kamar zai tsinke. Ladidi ta gama wainarta, ta ɗaura ɗankwali a ƙugu ta shigo ramin ba wanda ya kira ta. Ta ce wai ta gaji da ganin tsohuwa na nishi a ƙofar gidanta. Takin da muka kwashe na ba ta ta kai wa kuɓewarta, can ne wurinsa. Na ce mata ruwan wankinta kuma ta riƙa zuba wa gindin darbejiya, ba kwata ba. Ta ce, "An ji, injiniya."

Muna dakan marmara a tsohon turmi na ga tagar Ummu a buɗe. Tun dawowarta a rufe take.

Litinin, 7 ga Yuli, da hantsi

Mun mayar da jemar. Ta taga take ba da umarni: "Ba nan ba. Tazarar ta yi kaɗan. Kawu, kada ka taka tsakiya, za ka danne ƙasar." Lawwali ya ce, "Wannan ɗiya taki ce, Yaya, ba musu." Tuwo rabin malmala. Ba ta fito ba, amma ta ci.

Laraba, 9 ga Yuli, da La'asar

An yi ruwa. Huɗu, biyar. Ta ce sauran takin ne ke wankewa, a yi haƙuri. Ita ke ce mini in yi haƙuri.

Alhamis, 10 ga Yuli, bayan Azahar

Ta ce in ba ta littafinta, tana so ta ga lambobin da na rubuta.

Na shiga ɗaki na buɗe shafin ranar uku ga wata. Na riƙe shi da yatsu biyu. Yagewa ba wuya. Amma ban musanya kwalabe ba, ba zan yage takarda ba.

Zan miƙa mata yanzu, gaba da baya.

Lahadi, 13 ga Yuli, da safe

Kwana uku littafin yana wurinta. Ban tambaya ba. Yau na same shi a kan darduma ta. A ƙasan abin da na rubuta ranar uku ga wata akwai rubutunta, da jan biro:

"Ke kika ce in tafi, gaskiya ne, kuma na ji haushinki duk kwanakin. Amma ba ke kika tare hanya ba. A can muryarki nake ji tana cewa tashi ki yi salla, ci abin da aka ba ki, kada ki yi ragwanci. Ita ta dawo da ni. Lambarki ta ranar sha tara ba daidai ba ce, kin kara katin a inuwa."

Yau kam na yi kuka. Ba laifi ba ne.

Talata, 15 ga Yuli, bayan La'asar

Hadari ya haɗo daga gabas tun azahar. Da ruwan ya tsagaita na ɗauki kwalabe na nufi zaure. Na ji takun silifa a bayana. Ban waiwaya ba, kada in kore ta.

"Ba ni, Inna. Ke kina ɗiba da laka."

Ta sa hijabinta mai ruwan toka. A bakin ƙofa ta tsaya. 'Yan kabu-kabu biyu suka taho suna fantsala ruwa. Ta kama hannuna har farcenta ya shige ni. Bakina ya buɗe zai ce mata ta daure, mene ne abin tsoro a babur. Na rufe shi. Muka tsaya har suka wuce, har ƙararsu ta ɓace. Sannan ta saki hannuna ta taka.

Taku goma sha ɗaya ne daga ƙofarmu zuwa bakin bututu. Na ƙirga.

Ladidi ta leƙo, ta buɗe baki, na harare ta. Sai ta ce, "Ummu, kuɓewata na gaishe ki," ta koma ciki tana share ido da bakin zane.

Ummu ta durƙusa ta ɗiba, ta zuba garin, ta girgiza. Minti goman nan a waje muka yi su, jema na ɗigar ruwa, Malam Tukur can nesa da sandarsa yana jiran a ce masa ya dawo da shanu. Ta ɗaga kwalbar sama wajen haske ta kara kati.

"Nawa?" na ce.

"Biyu."

"Da ɗaya ne kafin in taɓa."

"Zai koma. Sai an yi ruwa uku ko huɗu." Ta miƙo mini kwalbar. "Riƙe. A tsaye, Inna, kada ki girgiza."

Na riƙe a tsaye.

Shinkafa da wake, kwano ɗaya, ta cinye. Gobe gaban littafin ya koma hannun mai shi.